Inda Aka Kwana a Aikin Samfurin ParB: Na Cire Gam, Na Koma Zobe

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu koyo. Mako uku ke nan da na fara haɗa samfurin hannu da igiya da waya da kwali, domin in gane yadda ƙwayar bakteriya ke raba kwafin DNA ɗinta gida biyu kafin ita kanta ta rabu, kuma a wannan makon ne na rushe rabin aikin da hannuna.

Tsarin da nake kwaikwayo shi ne wanda masana ke kira ParABS, mai sassa uku: wani ɗan guri a jikin DNA da ake kira parS, da furotin ParB da ke gane wannan gurin, da furotin ParA da ke tafiyar da kayan, wato kwafin DNA ɗin da ParB ke kansa. Na zaɓi bakteriyar da ake kira Bacillus subtilis, inda ake kiran ParB da suna Spo0J, ParA kuma Soj, saboda parS ɗinta matakai 16 ne kacal na tsanin DNA. Na murɗa igiya biyu, na ba kowane mataki santimita 1, na shafa jan fenti a tsawon santimita 16. Rabin gurin kusan madubin ɗaya rabin ne, shi ya sa ParB ke zuwa a tagwaye, kowanne ya cusa ɗan murɗaɗɗen yatsansa cikin babban tsagin DNA ta nasa ɓangaren. Wannan sashe bai ba ni wahala ba.

Kuskurena shi ne na ɗauki gam na manne tagwayen ParB a kan jan fentin, ina ganin aikinsu kamawa ne su zauna daram. Sai dai an daɗe da sanin cewa ana samun ParB a baje a kan dubban matakai hagu da dama na parS, a wuraren da babu alamar da zai gane, kuma samfurina mai gam ba shi da amsar yadda suka isa can. Amsar ta fito a 2019, lokacin da ɗakin binciken Stephan Gruber a Lozan ta Suwizalan da na Martin Thanbichler a Marbug ta Jamus suka nuna cewa ParB yana kama CTP, wani ƙaramin sinadari mai ɗauke da makamashi a cikin ƙwaya. Tagwayen a haɗe suke ta ƙarshe ɗaya. Idan suka sauka a kan parS da CTP a jikinsu, sai ɗaya ƙarshen ya rufe, su zama zobe da DNA a tsakiya, su saki parS, su zame gaba kamar zoben labule a kan sanda, wani ya zo ya hau a gurbinsu. Idan CTP ya farfashe, ƙofar ta buɗe, zoben ya faɗi. Ashe parS tashar lodi ce, ba wurin zama ba.

Saboda haka na lanƙwasa waya na yi zobba shida masu buɗewa, da ƙaramin maganaɗisu a bakin kowanne a madadin CTP. Na gwada ɗaure ƙulli a igiyar, sai zobban suka taru a gefe ɗaya suka kasa wucewa, kuma haka ake gani a gwaji idan wani furotin ya riƙe DNA gam ya tare hanya. A ganina wannan ƙullin ya koya mini fiye da duk zanen da na kalla.

Wani abu da samfurin ba zai taɓa nunawa daidai ba shi ne tsawo. A ma'aunina, matakai 10,000 za su ci mita 100 na igiya, kuromosom ɗin Bacillus subtilis, wato babban zaren DNA ɗinta, mai matakai kusan miliyan 4.2 kuma zai kai kilomita 42, alhali ni mita 3 nake da su a tsakar gida.

Abin da ya rage shi ne ParA, kuma shi ne ya fi ɗaure mini kai. Yana riƙe da ATP, wani sinadarin makamashi ɗan'uwan CTP, yana manne ko'ina a kan dunƙulen DNA ba tare da zaɓen guri ba. Tarin ParB ya taɓa shi, ya sa shi farfasa ATP ya saki, sai kayan su matsa zuwa inda ParA ya fi yawa, su bar fili a bayansu. Kwafi biyu kuwa kowanne yana guje wa filin da ɗan'uwansa ya share, da haka suke rabuwa. Ina tunanin baza ƙananan ƙusoshi a kan faifai in bi da maganaɗisu yana tsince su.

Ga wanda ke son farawa da mai sauƙi, ina ba shi shawarar filasmid R1 (filasmid ƙaramin zoben DNA ne da ke zaune daban da kuromosom), inda furotin ParR ke kama gurin DNA da ake kira parC, furotin ParM kuma ya yi tsiro kamar sanda a tsakanin kwafi biyu ya tura su ƙarshen ƙwayar. Eriyar tsohuwar rediyo mai miƙewa ta isa wannan aikin, kuma na riga na ajiye ɗaya domin mako mai zuwa.