Abin da Alƙalamin Mai Zane Ya Koya Mini Game da Ƙwaƙwalwa

A wajen koyar da ɗaliban likitanci tsarin ƙwayoyin jiki, an saba ɗaukar zane a matsayin ƙawa da ake ƙarawa bayan an kammala bincike. Aikin da muka yi da wani mai zane, wanda aka ɗauko domin ya shirya mana hotunan koyarwa, ya nuna mini cewa al'amarin ya wuce nan. Mun ɗora masa ɗan siririn yanki na ƙwaƙwalwa a ƙarƙashin madubin likita mai ƙara girman ƙananan abubuwa, daga sashen da ke wajen ƙeya mai kula da daidaiton motsi, inda ƙwayoyin jijiya da ake kira Purkinje suke baza rassa kamar kuka da rani. Ya daɗe yana murɗa madubin sama da ƙasa, sannan ya ɗago ya ce: "Malam, wannan zaren haɗewa ya yi da wancan, ko kuwa gittawa ya yi ta samansa?" Ya ƙi jan layin sai an ba shi amsa. Hoton kyamara yakan bar irin wannan wuri dishi-dishi, kowa ya fassara yadda ya ga dama, amma mai alƙalami ba shi da wannan mafaka.

Tambayar tasa ita ce ta taɓa raba kan manyan masana biyu. A 1873 Camillo Golgi na Italiya ya gano wani rini na azurfa wanda yake baƙanta ƙwayoyin jijiya ƙalilan tun daga gangar jikinsu har ƙarshen rassansu, ya bar sauran ba launi. Santiago Ramón y Cajal na Sifaniya, wanda tun yana yaro burinsa ya zama mai zane amma mahaifinsa ya karkata shi zuwa likitanci, ya fara ganin wannan rini a Madrid a 1887. Golgi ya tsaya a kan cewa jijiyoyin sun saƙu sun zama raga guda, Cajal kuwa ya zana kowace ƙwaya tana cin gashin kanta, har ya sanya kibau masu nuna inda saƙo yake shiga da inda yake fita. An haɗa su a lambar yabo ta Nobel a 1906 ba tare da sun daidaita ba, kuma sai a shekarun 1950 madubi mai aiki da lantarki ya nuna ɗan gibin da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Golgi ma zane ya yi, kuma da rini iri ɗaya, wato hannu yana iya zana abin da zuciya ta riga ta gaskata. Shi kansa Cajal yakan tattara abin da ya gani a yankuna daban-daban ya zuba a takarda ɗaya, wanda a ganina hujja ce yake kafawa da tawada. Saboda haka muka yi ƙa'ida da abokin aikin namu cewa duk layin da ba a tabbatar da shi a madubi ba, da ɗigo-ɗigo za a ja shi. Ya ɗan yi gardama cewa hakan yana rage wa hoton kyau, kuma da gaskiyarsa, sai dai a ɗakin gwaji mun lura cewa a kan ɗigo-ɗigon nan ɗalibai suka fi yin tambaya.