Sana'ar Turara Cuku da Hayaƙi Mai Sanyi

Ƙaramin kamfanin da nake gudanarwa a arewacin Amurka yana sayar da cuku da man shanu da gishiri waɗanda aka turara da hayaƙi, kuma dukan aikin ya dogara ne a kan murhun gashi mai amfani da gas da wani bututun ƙarfe mai huji-huji. Abin da ke ba masu zuwa koyo mamaki shi ne ba ma kunna gas ɗin murhun ko kaɗan. Murhun akwati ne kawai mai murfi da raga, wanda ke tsare hayaƙi ya zagaya kayan kafin ya fita ta kafofin baya.

Wanda ya saba da bandar kifi zai ɗauka aiki ɗaya ne, alhali akwai bambanci babba. A banda, wuta da hayaƙi ne suke haɗuwa su dafa kifin su busar da shi. A nan kuwa ƙamshin hayaƙin kaɗai ake nema, kuma dole zafin cikin murhun ya tsaya ƙasa da digiri 30 a ma'aunin Salsiyas, domin da zarar ya haura haka cuku zai fara tsatso mai, daga nan ya narke ya zube ta ragar. Saboda haka nake ɗaukar ma'aunin zafi a matsayin kayan aikin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma saboda haka ne kasuwarmu take ci daga kaka zuwa ƙarshen hunturu. Idan rana ta ɗan yi ɗumi, mukan ajiye faranti cike da ƙanƙara a ƙarƙashin kayan, ko mu bari sai da asuba.

Bututun mai tsawon santimita 30 ana cika shi da ƙananan dunƙulen garin katako da aka matse da inji. Ana kunna bakinsa da wutar gas ta hannu, a bar harshen wutar ya ci na wasu mintuna har garwashi ya kama sosai, sannan a hure harshen wutar ya mutu, a kwantar da bututun a cikin murhun nesa da abincin. Cikawa ɗaya takan ba da hayaƙi na kusan awa 4. Na fi son itacen tuffa ga cuku saboda laushin ƙamshinsa. Itacen hikori yana da ƙarfi, ya fi dacewa da gishiri. Dunƙulen da ake sayarwa don ɗumama ɗaki ba na bari ya shigo wurin aikina, domin ba don abinci aka yi shi ba.

Cukun da aka sauke yanzu yana da ɗaci da kaifi a baki, don haka muna naɗe shi mu sa a firji na aƙalla mako 2 kafin hayaƙin ya ratsa ciki ya kwanta. Mai gaggawar sayarwa kan ɓata sunansa a wannan gaɓar.

Abokan ciniki suna yawan tambayata kifin salmon, ni kuma ban yarda in sayar ba. Hayaƙi mai sanyi ba ya dafa komai, ba ya kashe ƙwayoyin cuta irin su listeriya, kuma sai an jiƙa kifin da gishiri bisa ƙa'ida, ga hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka da ke buƙatar rubutaccen tsarin kiyaye lafiya daga masana'antun sarrafa kifin sayarwa. Murhun gas da bututu guda ba su kai ɗaukar wannan nauyi ba.