Katin garafik a ɗakin hoto na Yamai: abin da jira ya koya mini

Bikin aure a Yamai yini guda yake ci wa mai hoto, gyaran hotunan kuwa sai ya ci kwanaki. Na wajen fatiha ba su da wuya: da safe ne, rana ta wadata, manyan riguna suna fita tas. Wahalar tana wajen shagalin dare. Rumfa a ƙofar gida, ƙwan lantarki biyu ko uku, wani fari wani ja-ja, ga amarya da ƙawayenta cikin shadda mai ɗaukar ido. In ba ka so ka dinga kashe wa mutane ido da filas, dole ka ɗaga ISO, wato saitin da ke sa kyamara ta fi jin haske, zuwa 3200 ko 6400, kuma duk wanda ya yi haka ya san abin da zai tarar a kwamfuta. Fuska ta yi yashi-yashi, inuwa ta cika da ɗige-ɗige masu launi, a baƙar fata kuma abin ya fi fitowa fili, don inda haske ya yi ƙaranci nan yashin ke taruwa.

A watan Afrilun 2023 kamfanin Adobe ya saka wa Lightroom, manhajarsa ta gyaran hoto, wani sabon abu mai suna Denoise, wanda ke wanke wannan yashin da fasahar AI ba tare da ya shafe kwalli da gashin gira ba. Ga mai hoton biki wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai nauyin aikin kacokan a kan katin garafik yake, wato sashen kwamfuta mai sarrafa hoton da ke fita a sikirin. A kwamfutar da ba ta da kati na musamman, sai ɗan wanda ke cikin furosesa, hoto guda yana iya cin mintoci. Da kati na zamani kuwa daƙiƙoƙi ne. To, ka lissafa hotunan dare na biki guda, ga Hajiya uwar amarya tana bugo waya: "Ɗana, mutanen Tawa gobe za su koma fa. So kake su tafi babu hoto?" Wannan jiran ne ya sa na fara neman kati, shi ne kuma ma'aunin da na auna kowane kati da shi.

Abin da na fara koya shi ne, kwamfuta tana faɗin inda ke mata ciwo, in an tambaye ta. A Windows ɗinmu na Faransanci akwai Gestionnaire des tâches, wanda ke nuna yawan aikin da kowane sashen kwamfuta ke yi. Ka buɗe shi a gefe, ka yi aikinka kamar kullum, ka riƙa leƙa wane sashe ne ya cika ya tumbatsa a daidai lokacin da kake zaune kana jira. In kana kwaso hotuna daga katin kyamara ne, ko Lightroom na shirya su don dubawa, furosesa da diski ne ke gumi. In kwamfutar na sanƙarewa duk lokacin da ka buɗe Photoshop a kan Lightroom, duba RAM, ma'ajiyar da kwamfuta ke shimfiɗa aikin da take kai: giga 8 ba ya isa, Adobe ma 16 take ba da shawara. In har yanzu tsohon diski mai juyawa ne ke ɗauke da Windows, SSD, diskin zamani marar juyawa, zai canza maka rayuwa fiye da kowane kati, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na kati ba. Katin garafik yana shigowa ne wajen Denoise, da wajen zaɓo mutum ko sararin sama kai tsaye don a gyara shi shi kaɗai, da santsin jan hoto a babban sikirin, da kuma fitar da hotuna, tunda Lightroom Classic ya fara amfani da kati wajen wannan a 2022.

Akwai wanda matasa ke yawan ruɗewa a kansa. Generative Fill na Photoshop, wanda ke cire mutum daga bayan ango ko ya ƙara wa hoto fili, ba a kwamfutarka ake yin sa ba. Hoton tafiya yake ta intanet zuwa na'urorin Adobe, a yi aikin a can, ya dawo. Ko ka sayi katin da ya fi kowane tsada, ranar da intanet ke jan ƙafa haka za ka zauna.

Sai maganar giga na katin shi kansa. Kowane kati da tasa ma'ajiyar, wadda ake kira VRAM, dabam da RAM ɗin kwamfuta. Kamar teburin tela take: in ya yi faɗi, sai a shimfiɗa shadda gaba ɗaya a yanka, in ya yi ƙanƙanta sai ninkewa da juyawa, aiki ya ninka. Adobe na neman giga 8 in ana so Lightroom ya ɗora wa kati cikakken aiki. Masu giga 4 suna yi, amma da nishi. Ga kyamara mai megafiksel 24 irin wadda yawancinmu ke riƙe da ita, 8 ya wadatar. Wanda ya haura zuwa 45, ko yake haɗawa da bidiyo mai nauyi, shi ne ke buƙatar 12 ko 16. Haka nan katunan Nvidia masu sunan RTX, tun daga na 2018, suna da wani sashe da aka ƙera musamman don lissafin AI, wanda jerin GTX ba su da shi. Shi ya sa ban tsaya kan GTX 1650 ba duk da sauƙin kuɗinsa.

Zaɓina ya tsaya tsakanin biyu. RTX 3060 ya fito a Fabrairun 2021 a kan dalar Amurka 329, yana da giga 12. RTX 4060 ya fito a Yunin 2023 a kan 299, yana da giga 8. Duk wanda ka tambaya a kasuwa lambar 12 zai nuna maka, ya ce ai 12 ta fi 8, kuma ba ƙarya ya yi ba. Amma akwai wata lamba da ba a buga ta da manyan baƙaƙe a jikin kwali: na farkon yana shan wat 170, na biyun 115. A Faransa ko Dubai wannan bambancin na wat 55 ba ya hana kowa barci. A Yamai kuwa, a ganina, shi ne lambar da ta fi cancanta a fara dubawa, kuma a kanta na yanke na ɗauki 4060.

Dalilina na farko kuran ne, wato wutar lantarki. Duk mai sana'a a garin nan yana tune da Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turo mana bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. A lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar daga can take zuwa, kuma ba ta dawo ba sai Maris 2024. Ko ba wannan ba, da bazara ta kama an san yadda ɗauke wuta yake. Don haka kwamfutar aiki ba ta rabuwa da ondular, na'urar nan mai batir da ke riƙe ta in kuran ya tafi. Lambar da ke jikin ondular kuma tana da yaudara: wadda aka rubuta wa 650 VA, galibi abin da take ɗauka a zahiri bai kai wat 400 ba. Ka tara furosesa, sikirin, diski da kati mai haɗama yana tsakiyar Denoise, sai ka ga an ɗauke wuta ondular ta yi ƙara sau ɗaya ta mutu tare da kwamfutar. Mutuwar kwatsam irin wannan tana iya lalata katalog ɗin Lightroom, inda duk gyaran da ka yi yake ajiye. Wanda ya sayi babban kati ya san cewa sabuwar ondular ma tana cikin lissafi. Wanda ke aiki da sola ko ƙaramin gurup, shi ma kowane wat kuɗi ne.

Na biyu zafi. Duk wat ɗin da kati ya sha, zafi yake komawa, a cikin akwati sannan a cikin ɗaki. A Afrilu da Mayu zafin Yamai kan haura digiri 40, kuma ba kowane sitidiyo ke da na'urar sanyaya ɗaki ba. Yawancin katunan Nvidia an saita su ne su rage gudu da kansu in sun kai wajen digiri 83, don kada su ƙone. Gwaje-gwajen da ake gani a YouTube a ɗakuna masu sanyi ake yin su. Katin da ya zo na ɗaya a can, in ka sa shi a shagon kwano da azahar, yana iya ja da baya har ƙaninsa mai ƙarancin shan wuta ya kamo shi.

Wani darasin daga bakin mai gyara na same shi, dattijo ne da ya daɗe yana buɗe cikin kwamfutoci. Wani abokin sana'a ya kawo masa tasa, irin siraran nan na ofis da ake kawowa na hannu daga Turai, da niyyar a sa mata babban kati. Ko sukurudireba bai ɗauka ba ya ce: "Ƙanena, kafin ka sayi kati, ka karanta abin da ke rubuce a akwatin wutarta." Irin waɗannan kwamfutocin, akwatin wutarsu sau da yawa wat 180 ne zuwa 240, ba shi da igiyar da ake jona wa kati, wani lokaci ma ƙirarsa ta kamfanin ce kaɗai, ba ka iya musanya shi da na kasuwa. Ramin da ake soke kati wat 75 kawai yake bayarwa. Abin da ya haura haka sai da igiya ta musamman: mai baki 6 tana ƙara 75, mai baki 8 tana ƙara 150. Ga kuma tsawo da faɗi, don akwatin siriri ne, sai kati gajere. Mai irin wannan kwamfuta, abin da ya dace da shi RTX 3050 ne mai giga 6, wanda ya fito a 2024, yana shan wat 70 ba tare da wata igiya ba, kuma akwai gajeren samfurinsa. Ba zai yi gudun 4060 ba, amma zai shiga, zai kuma tashi. In dai an nace sai babba, to sabon akwatin kwamfuta da sabon alimantasiyo ne, wato akwatin wuta, kuma a nan ba a neman araha: akwatin wuta marar suna in ya tashi mutuwa ba shi kaɗai yake tafiya ba.

Kasuwar na hannu ita ma sai da ido. Sabon kaya yana iso mana da tsada, ga kuɗin jirgi ga na duwan, ga shi tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya masu yawa sun bar hanyar Kwatano sun koma zagaye ta Lome. Don haka okaziyo yana jan rai. Amma a Satumbar 2022 Ethereum ta daina tsarin haƙa, masu haƙar kuɗin kirifto suka zubo katunansu kasuwannin duniya, wasu sun yi shekaru suna aiki dare da rana. RX 580 mai giga 8 yana cikin waɗanda suka fi shan wannan wahala, ga shi yana shan wat 185. Ba duka ne suka lalace ba, amma fankokinsu sun gaji, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar katin da ƙarfen sanyaya shi ya bushe. Akwai kuma na jabu: tsohon GTS 450 na 2010 da aka canza wa suna a ciki, Windows ya nuna maka GTX 1050 Ti. Wata ƙaramar manhaja ta kyauta, GPU-Z, tana tona asirin da yawa daga cikinsu. Ni dai ba na biyan ko jika guda sai an soke katin a gabana, na zo da hotunana na RAW, ɗanyu yadda kyamara ta ɗauke su, a kile, an sa shi Denoise a jere har ya ɗau zafi, ina kallon digirinsa ina sauraren fanka. Gani ya kori ji. Mai kayan da ya ƙi wannan gwaji ya riga ya ba ka amsa. GTX 1060 kuwa, wanda ya yi tashe tun 2016, Nvidia ta daina yi wa zuriyarsa sababbin direbobi, manhajojin da ke sa kati ya yi aiki, a ƙarshen 2025, sai na toshe ɓaraka kawai, alhali Adobe kullum ƙara buƙata take. Ba kati ne da za a zuba wa kuɗi yau ba.

Launi ba aikin kati ba ne, ko da mai sayarwa ya rantse. A da, masu son launi mai zurfin bit 10 a Photoshop sai sun sayi katin Quadro mai tsada, amma tun 2019 Nvidia ta buɗe wannan ga katunan GeForce, irin su RTX da GTX, ta direbanta na Studio. Mu kuma ina muke kai hotunan? JPEG ne mai bit 8, yawanci ta WhatsApp za a tura, shi kuma ya matse shi, a kalla a waya. Abin da ke sa shuɗiyar shadda ta fito shuɗiya a takarda, fatar amarya kuma kada ta koma ja, sikirin ne mai gaskiya: nau'in IPS, mai cika launukan sRGB, wanda aka daidaita, ba a ƙure masa haske ba. Na ga sitidiyo mai katin alfarma da talabijin a matsayin sikirin. Hotunansu suna fita da wuri, sai dai kowa a ciki ya yi jawur.

Yaron shagona ma ya samu nasa karatun ranar da aka sa katin. Ya zo yana cewa, "Maigida, ni fa ban ga ya tashi ba." Igiyar sikirin tana nan a tsohon raminta na sama, ba a mayar da ita jikin katin ba. Yanzu shi ne mai kula da ƙura. Da hunturu, in buji ya taso, akwatin ba ya zama a ƙasa, kan tebur yake, kuma a kai a kai ake buɗe shi a hure. Na koya masa ya danne fanka da yatsa kafin ya sa mata iska, don juyin da ya wuce kima yana kashe ta.

Wani maƙwabcina da ke hotunan fasfo da na katin ɗan ƙasa ya ga saurin da aikina ya yi, ya ce shi ma zai tara ya saya. Muka buɗe Gestionnaire des tâches a kwamfutarsa yana aiki. Hotunansa a cikin sitidiyo yake ɗauka, da fitilu, a ISO 100, babu yashin da zai wanke. Sashen garafik yana kwance abinsa, diski kuwa ya ƙure a 100. Ya sayi SSD, ya ƙara RAM zuwa giga 16, ragowar kuɗin ya canza batirin ondular.