Shiru da hayaniya a na'urar auna girgizar ƙasa ta gida

Na'urar auna girgizar ƙasa in tana da lafiya ba ta zana miƙaƙƙen layi. Ko da tsakar dare ne, unguwa ta yi tsit, dole ka ga layin yana hawa yana sauka a hankali, kowane zagaye sakan 5 zuwa 8. Daga teku wannan motsi yake zuwa. Igiyoyin ruwa ne ke karo da juna suna danna ƙasan teku, dutse ya ɗauko motsin ya kawo shi har nan Bauchi, ɗaruruwan kilomita daga gaɓa. Shi nake fara dubawa kowace safiya. In ya ɓace, layi ya yi sumul, to na'ura ta kurumce, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali a kan kowace irin hayaniya, don mai hayaniya aƙalla tana raye.

Tawa irin ta Lehman ce, wadda mujallar Scientific American ta wallafa tsarinta a 1979. Sanda ce a kwance, an rataye ta kamar ƙyauren da aka kafa a ɗan karkace, da nauyi da maganaɗisu a bakinta, sai naɗin siririyar wayar tagulla a gefe. Ƙasa na motsawa, maganaɗisu ya gifta naɗin, a sami 'yar wuta ƙanƙanuwa, amfilifaya ya ƙara mata ƙarfi, kwamfuta ta zana.

In layi ya mutu, hannuna ba ya fara zuwa kan kwamfuta. Murfi nake ɗagawa. Sau da yawa sandar ce ta sulale ta jingina da gefe, saboda daɓen siminti yana ɗan karkata idan ƙasan da ke ƙarƙashinsa ya sha ruwan damina ko ya bushe da rani. Karkatar da ido ba zai taɓa gani ba ta isa. Wani lokaci kuma gizo-gizo ne ya ja zare ɗaya daga sandar zuwa jikin akwati, sai da tocila a kaikaice ake hango shi. Bayan nan sai wurin da aka liƙa waya da dalma, wanda kan yi kore da lema a watan Agusta. Na ƙarshe shi ne ɗauke wuta: kafin inbata ta karɓa, kwamfuta ta saki na'urar, manhaja kuma ta ci gaba da zana layin banza ba tare da ta yi ƙorafi ba. Batir na musamman da na ware wa na'urar shi ya raba ni da wannan.

Hayaniya ita ce mai wuyar sha'ani, don tambayar farko ita ce: daga ƙasa take ko daga waya? Gwajin da ya fi yi mini amfani mai arha ne ƙwarai. A cire naɗin wayar, a sa rezista, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, mai daidai ƙarfinsa a madadinsa. Yanzu babu abin da ke jin ƙasa. Duk abin da ya rage a allo na lantarki ne, kuma babu amfanin haƙa rami ko sake zuba siminti a kansa. Da wannan gwajin na gane cewa cajar waya mai arha da ke jone a soket ɗaya da amfilifaya tana zuba datti a layi, haka ma doguwar waya da ta bi gefen wayar wutar gida. Maganin shi ne waya mai murɗaɗɗen zare biyu da rigar ƙarfe, a haɗa rigar da ƙasa ta gefe ɗaya tak, a kuma matso da amfilifaya kusa da naɗin.

Akwai wata yaudara da nake so duk mai wannan aiki ya sani. Wutar ƙasar nan tana juyawa sau 50 a sakan, amma ba kullum take tsayawa cif a 50 ba, ta janareta kuwa ta fi yawo. A ce kwamfutarka tana ɗaukar awo sau 25 a sakan, wutar kuma ta sauko 49.8. Lissafi zai sa wannan saurin ya bayyana a allo a matsayin lallausan motsi mai zagayen sakan 5, wato daidai kamannin motsin teku. Mutum zai yi ta murna na'urarsa na jin Tekun Atlantika, alhali janaretan maƙwabci yake kallo. In dattin ya riga ya shiga lissafi babu manhajar da za ta tace shi. Dole matatar ta kasance ta lantarki, a jikin amfilifaya, kafin awo ya zama lambobi.

Sai iska. Da hunturu, in rana ta faɗi, saman akwati ya riga daɓe hucewa, iskar ciki ta fara juyawa tana tura sandar, layi ya yi ta shawagi har asuba. Na lulluɓe akwatin da farin kumfar da ake kunshe firji, na maƙala 'yar rezista mai ɗumi a can sama daga ciki, don iska mai ɗumi ta zauna a sama ta daina yawo. Man inji da wasu ke sawa don kwantar da lilon sandar ban yarda da shi ba a ƙasarmu: yana kauri da sanyi, ya tsinke da bazara. Farantin tagulla tsakanin maganaɗisu biyu ya fi riƙe hali ɗaya.

Hayaniyar mutane kuwa ba a korar ta, saninta ake yi. Ina da littafi da nake rubuta duk abin da na gani da lokacinsa: daka a turmi da hantsi, famfon burtsatse, tirela a kan titi, har takun wanda ya shigo ɗakin, don nauyin mutum kaɗai yana lanƙwasa daɓe. Wani zane da ya daɗe yana fitowa da yamma sai da na taka wurin dattijon da ke da injin niƙa a bayan layinmu. Na ce, “Baba, da ƙarfe nawa kuke tayar da inji?” Ya ce, “Bayan la'asar, ɗana, in mata sun kawo na tuwon dare.” Lokacin ya zo daidai da abin da ke littafina. Ko manyan tashoshin auna girgizar ƙasa suna fama da wannan. A kullen korona na 2020 masana sun auna cewa hayaniyar mutane a ƙasa ta ragu da kusan rabi a wurare da dama.

Agogon kwamfuta ma sai an kula da shi, ya riƙa daidaita kansa ta intanet ko GPS, a kuma tuna cewa jadawalin girgizar ƙasa na hukumar USGS ta Amurka da agogon duniya na UTC yake, mu kuwa muna gaba da awa ɗaya. Girgizar Maroko ta 8 ga Satumba 2023, mai ƙarfin 6.8, ta auku da ƙarfe 11:11 na dare agogonmu, kuma igiyarta ta farko tana buƙatar minti biyar zuwa shida kafin ta iso nan. In agogonka ya kauce, ba ka da hujjar cewa ita ka kama. Haka kuma wani rashin gani ba laifin na'ura ba ne. Narkakken ƙarfen da ke tsakiyar duniya yana karkatar da igiyar farko, har ta tsallake wuraren da ke nisan digiri 104 zuwa 140 a kewayen duniya daga inda aka yi girgizar. Japan tana cikin wannan tazarar daga arewacin Najeriya, saboda haka igiyar farko ba ta zuwa mana kai tsaye, sai dai a jira masu bin bayan ƙasa a hankali, waɗanda kan iso bayan kusan awa guda.

Abin da ke damuna har yanzu shi ne kaɗaici. Cibiyar binciken motsin ƙasa ta gwamnati da ke Toro tana nan kusa da mu tana sa ido da na'urorin gaske, amma mai na'urar gida ba shi da abokin da zai buga wa waya ya ce, “Kai ma ka ga wani abu da ƙarfe kaza?” Ƙasa ta motsa a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, ta motsa a Mpape ta Abuja a 2018, kuma gano inda motsi ya taso yana buƙatar tashoshi uku aƙalla. Ina neman malaman kimiyya a Jos da Gombe da za su yarda a ajiye irin wannan na'ura a ɗakunan gwajin makarantunsu, mu riƙa kwatanta zanenmu.