Garin gyaran gira: ni da direban katin hoto

Haɗa bidiyo ne sana'ata, kuma a kwamfutar gida nake yin yawancin aikin. A da, da zarar saƙo ya ɓullo cewa sabon direban katin hoto, wato manhajar da ke sarrafa katin da ke fitar da hoto a allo, ya fito, hannuna har rawa yake yi in danna. A ganina sabo ai ya fi tsoho, shi ke nan.

Wani dare, ana gobe zan miƙa aiki, na sabunta. Kwamfuta ta mutu ta tashi, allo ya yi baƙi ƙirin. Fanka na ta juyawa, hoto kuwa ko alama. Da ƙyar na shiga Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi da muhimman abubuwa kawai, na buɗe Device Manager inda ake sarrafa na'urorin kwamfutar, na mayar da tsohon direban. Kafin komai ya daidaita an kusa asuba. Ban ga laifin kowa ba sai nawa, don ba a fafe gora ranar tafiya, kuma tsohon direban bai taɓa yi mini komai ba.

Bayan nan ne na zauna na fahimci abin da nake taɓawa. Direba tafinta ne tsakanin katin da manhajojin da ke son zana abu a allo. Su manhajojin suna magana ne ta harsunan zane irin su DirectX, ko OpenGL, ko Vulkan da ya fito a 2016, direban kuma ya isar wa katin. Canza tafinta a tsakiyar zance ba ƙaramin abu ba ne. Sannan sabon direba ba ya ƙara wa kati abin da ba a ƙera shi da shi ba. Na daɗe ina fatan sabuntawa za ta sa tsohon katina ya yi gudun na zamani, ashe mafarki nake.

Yanzu takardar bayanin da ke zuwa da kowane direba nake fara karantawa, musamman jerin matsalolin da aka gyara da waɗanda har yanzu ake fama da su. In gyaran na wani sabon wasa ne da ba na bugawa, sai in wuce. In ɓarakar tsaro aka toshe, ko manhajar aikina ta ce sai da sabo za ta tashi, to ba na jan ƙafa. NVIDIA, kamfanin da ke ƙera katunan hoto, ma direbobi kashi biyu take fitarwa: Game Ready don masu wasanni, da Studio don irinmu da muka fi bukatar kwanciyar hankali a kan sauri. Na biyun na zaɓa.

Masu tsarin Linux kuwa, Mesa, wato tarin direbobin da katunan kamfanonin AMD da Intel ke dogaro da ita, tana ɗaure da wasu sassan tsarin, shi ya sa nake barin ta ta zo tare da sabuntawar tsarin gaba ɗaya maimakon in ɗauko ta ita kaɗai.

Ranar da zan sabunta, nakan zaɓi wadda ba ni da aiki a gaba, in ajiye fayil ɗin tsohon direban, in yi wurin komawa a System Restore, wanda ke mayar da Windows yadda take in abu ya lalace. Saƙon sabuntawa na yanzu ya kwana 12 a kusurwar allona, yana jiran in gama bidiyon da ke hannuna.