Ciyawar bayan gidan Iya

Asabar. Zafi tun da sassafe, ga busasshiyar iskar nan mai sa leɓe ya tsage. Na kai su auta wurin iyo na gari, an ƙara musu lokacin buɗewa saboda hutu, murna kamar me. Laburare ma sun buɗe ɗakin nan mai na'urar sanyi don wanda zafi ya dama a gida ya je ya zauna. Ban-ruwan shuke-shuke kuma an raba kwanaki, layinmu sai gobe, shi ma da asuba ko bayan rana ta faɗi.

Da yamma muka je taron filin shaƙatawa. Kiɗa, rumfuna, yara ko'ina, 'yan kwana-kwana sun kawo motarsu ana ta ɗora yara suna ɗaukar hoto. Bana babu wasan wuta, an hana, har kunna wuta a fili ma an hana, kuma wallahi na goyi bayan hakan ɗari bisa ɗari duk da auta ya kumbura baki.

To a rumfar 'yan kwana-kwanan ne raina ya ɓaci. Wani dattijon jami'i yana bayani, na tsaya ji. Ya ce gidajen da ke ƙonewa a gobarar daji yawancinsu ba harshen wutar ne ke isowa gare su ba, tartsatsi ne da iska ke ɗaukowa, yana iya tafiya fiye da kilomita 1 gaban wutar, ya sauka cikin busasshen ganyen da ya taru a indararo ko kan tarin itace ko tabarmar bakin ƙofa, ya yi ta cin abinsa a hankali ba wanda ya sani. Shi ya sa mita 1.5 na farko daga jikin bango kada a bar komai mai kamawa, daga nan zuwa mita 10 a yanke ciyawa ta zama gajera a sare rassan ƙasa-ƙasa, ramukan shan iska kuma a sa musu ragar ƙarfe mai ido kamar milimita 3. Sai ya ƙara da cewa wuta ta fi gudu in tana hawa tudu, duk ƙarin gangare na digiri 10 gudunta kan kusa ninkawa. Nan gabana ya faɗi, don gidan Iya ne na ƙarshe a saman tudun, bayansa ciyawa ce ta kai ƙugu, duk ta bushe ƙayau.

Na ce Yallaɓai, motar da ke zuwa kwashe busassun rassa fa, na ji abin da aka fito da shi bakin titi kawai take ɗauka, to tsohuwar da sai da sanda take tafiya wa zai fito mata da nata? Ya ce Hajiya gaskiya ma'aikatan ba sa shiga gidan mutane, sai dai maƙwabta su taimaka. Na ce saƙon gargaɗin da ake turawa ta waya fa, ita wayarta tana ƙarƙashin filo a kashe rabin yini. Ya yi shiru, ya ce sai dai wani ya ɗauki nauyin buga mata ƙofa. Ban ga laifinsa ba, mutumin kirki ne kuma bai yi min ƙarya ba, amma tsarin ne ke ci min rai, komai an shirya shi don mai ƙarfi a jiki mai mota mai waya a hannu. Gobarar dajin da ta ƙone garin Paradise na Amurka da kewayensa a 2018, mutum 85 suka rasu a cikinta, kuma mafi yawansu tsofaffi ne. Abin da ya yi ta yawo a kaina kenan ana ta kiɗa.

Ban ma jira aka tashi ba, na bar yaran wurin Abbansu na wuce gidanta. Na gaishe ta, na zayyana mata duk abin da na ji. Ta ce 'yar nan tun ba a haife ki ba nake gidan nan wuta ba ta taɓa zuwa ba. Na ce Iya ai da can gonaki ne a bayan ana nomawa, yanzu ba mai taɓa wurin. Ciyawa dai ta yarda a yanke. Amma tarin itacen da ke jingine da bangon ɗakin kwananta, ta ce ko kusa, in an kai shi ƙarshen fili ƙafarta ba za ta kai ta can ba. Kuma gaskiyarta ce, shi ne abin da ya ɗaure min kai, ba taurin kai take yi ba. Na ce a bar miki kaɗan a cikin akwatin ƙarfe mai murfi, yara su dinga cika miki. Ta ce za ta yi tunani, irin tunanin nan nata da kun sani.

Abban yara ya ce Litinin zai kai injin yankan ciyawa, amma kafin ƙarfe 10 na safe tun da sauran raɓa, don in rana ta take ƙarfen injin ya bugi dutse tartsatsinsa kaɗai ya isa ya tada gobara. Motar kwashe rassa Talata take zuwa layinsu. Magungunanta da takardunta na ce ta haɗa su jaka ɗaya kusa da ƙofa, wannan ba ta yi musu ba.

Kaina na ciwo, ban ci komai ba. Maganar itacen gobe zan turo Yaya, ta fi jin maganarsa.