Na kife bokitan dankalina yau, ga yadda ta kaya

'Yan uwa masu koyon lambun gida, sannunku da ƙoƙari. Yau da safe na kife bokiti na ƙarshe, mako 12 kenan cif da na binne irin dankalin turawan nan, shi ne na ce bari in zauna in rubuta tun ƙasa ba ta gama fita daga farcena ba, don in na bari sai gobe ko in manta rabi ko in fara yi wa labarin kwalliya.

Ga waɗanda ba su bi ni tun farko ba, iri 18 na shuka. Guda 4 a baƙaƙen bokitai biyu masu lita 20, guda 6 a buhuna biyu da kowanne zai ci wajen lita 40 na ƙasa, sauran 8 kuma a ɗan fangalin da na gyara a bayan ɗaki. Duk iri ɗaya ne, Rocket aka rubuta a jikin ragar da ya zo ciki. Dankalin nan dama kashi uku ake kasa shi, akwai mai saurin ƙosawa da ke yi a mako 10 zuwa 12 irin su Rocket da Swift, akwai na tsakiya irin Charlotte da ke kai mako 13 zuwa 16, sai babba na ajiya wanda za ka jira shi har wajen mako 20. Ni dai mai saurin na zaɓa saboda ba ni da haƙuri, kuma gindinsa ba ya girma sosai, bokiti na ɗaukarsa.

Kafin shuka sai da na tsirar da irin. Na jera su a kiret ɗin ƙwai, ɓangaren da ya fi yawan idanu yana kallon sama, na ajiye kusa da taga inda haske ke shiga amma rana ba ta dukansu, wajen mako biyar. Tsiron da ake so gajere ne mai kauri, kore-kore ko ruwan hanta, kaman santimita 2 zuwa 3. Guda uku da na manta a cikin leda a ƙasan kabad su ma sun tsiro, amma dogaye farare sirara sai ka ce zare, da na taɓa ɗaya kawai ya karye. Duhu ne ya ja musu. Na dawo da su haske sun sake fitar da wasu, amma an yi asarar kwanaki. Kuma don Allah in kuna da hali ku nemi iri na shuka, wanda ake sayarwa don ci wani lokaci an fesa masa maganin hana tsiro, sannan ba ka san cutar da yake ɗauke da ita ba, dankali kuwa sau da yawa cutar da uwar ke da ita 'ya'yan kan gada tunda ba daga ƙwayar iri yake fitowa ba, jikin uwar kake binnewa.

A fangali na yi layi biyu, tsakanin layi da layi santimita 60, tsakanin gindi da gindi 30, zurfi wajen 12. A bokiti da buhu kuma na fara huda gindinsu sosai (bokitin da ƙusa mai zafi na yi, rami takwas takwas), na zuba ƙasa kaman santimita 15, na ɗora irin tsiro na sama, na rufe da wata 10. Lissafin da na bi shi ne kowane iri ɗaya ya samu aƙalla lita 10 na ƙasa. Zuciya za ta ce maka ƙara ɗaya mana ai akwai fili, kar ka biye mata, yawan zai ƙaru amma duk ƙanana za su fito.

To a nan na tafka kuskuren farko. Ina da busasshen kashin kaji da ya rage, sai na ce bari in gwada, na juye kusan rabin kwano babba a bokiti ɗaya, ɗayan kuma na bar shi da ruɓaɓɓen takin ganye irin na sauran. Kai jama'a, zuwa mako na biyar in kun ga bokitin nan sai kun tsaya. Ganye kore shar har yana baƙi-baƙi, kara kaman babban yatsana, ya fi kowa tsayi, duk wanda ya shigo shi yake nunawa. Ni ma har na fara jin kaina, ina cewa ai na gano sirri. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Tsiro ya leƙo a kwana 13 a bokitai, na fangali sai da ya kai kwana 18. Da suka kai tsayin taƙi guda, wajen santimita 20, na fara tara musu ƙasa a gindi, in bar kan ganyen kaɗan a waje. A buhu abin ya fi sauƙi don tun farko na naɗe bakinsa ƙasa, sai in riƙa warwarewa ina ƙara ƙasa har ya cika. A fangali da fartanya na ja ƙasar tsakanin layi ta zama kunya. Sau biyu na yi, mako na huɗu da na shida. Dalilin huɗar nan shi ne dankali ba a jikin saiwa yake zama ba, wani farin reshe ne ke fita daga karan da ke cikin ƙasa, bakinsa ya kumbura ya zama dankali, kuma saman uwar yake fitowa ba ƙasanta ba, to in ƙasa ta yi kaɗan sai ya leƙo waje haske ya same shi ya koma kore.

Amma fa akwai wata magana da ke yawo wai in ka yi ta ƙara ƙasa sama sama za ka samu dankali hawa hawa kaman bene. Ni dai da na yanke buhuna da reza daga sama har ƙasa don in gani da idona, duk 'ya'yan a dunƙule suke wuri ɗaya, cikin taƙi guda saman inda na ajiye irin. Daga nan zuwa bakin buhu babu komai sai farin kara. Mai saurin ƙosawa sau ɗaya yake zuba 'ya'ya ya gama, don haka kar ku wahalar da kanku da dogon mazubi, mai faɗi ya fi.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne ruwa da zafi, kuma su ne nake ganin suka raba gardama a ƙarshe. Asalin dankalin nan daga tsaunukan Andes yake, wajen Peru da Bolibiya, ƙasar sanyi, kuma har yau bai bar halinsa ba. Yana zuba 'ya'ya da kyau in ƙasa na tsakanin digiri 15 zuwa 20, in ta doshi 30 sai ya kusa tsayawa cak, ganye na nan lafiya amma a ƙasa ba a yin komai. Wata rana da azahar a mako na bakwai na dafa jikin baƙin bokitin ta gefen rana, wallahi sai da na janye hannu. Na cusa yatsa cikin ƙasar, ɗumi kaman an zuba ruwan wanka. Buhun kuwa, da yake fari ne kuma iska na ratsa shi, sanyi ƙalau. Ranar na naɗe bokitan da tsohon kwali na matsar da su inda inuwar yamma ke samunsu, amma ina ganin an riga an makara, don lokacin zuba 'ya'yan ya kusa wucewa.

Ruwa kuma, da ganye ya rufe bokiti ko an yi ruwan sama ba ya shiga, ganyen ne ke tare shi ya zubar gefe. Sau biyu ina yaudarar kaina da haka, in ga sama a jiƙe in wuce, ashe ciki ƙura. Daga baya na koma cusa yatsa har ƙarshe kullum da safe, in ya fito a bushe in ba da ruwa a hankali a gindi har sai na ga yana ɗiga ta ramukan ƙasa. Ba na jiƙa ganyen, musamman da yamma, saboda tsoron cutar nan mai ƙona ganye da ke son laima, wadda ta cinye dankalin ƙasar Ayalan da ke Turai daga shekarar 1845 har aka yi yunwar da ta kashe mutane kusan miliyan ɗaya. Tana fara wa da tabo ruwan ƙasa a gefen ganye, bayansa kuma farin abu kaman auduga. Na ga tabo a ganye biyu a mako na tara, gabana ya faɗi, na tsinke su na jefar nesa ban sa a cikin takin ba, Alhamdulillah bai yaɗu ba. Wannan ma wani amfanin mai sauri ne, sau da yawa kafin cuta ta kankama ka riga ka kwashe abinka.

An ce in ya yi fure to ya kusa. Na fangali sun yi ɗan fure, na bokiti ko ɗaya, har na damu, ashe wasu masu saurin ba sa ma yi ko kuma ya zube tun yana toho. Don haka a mako na goma na daina kallon sama, na zura hannu a gefen kunya a hankali. Abu na farko da yatsuna suka ci karo da shi santsi ne da sanyi, girman ƙwan kaza, na murɗe shi na zaro na maida ƙasa. Da na goga babban yatsa a jikinsa fatar ta saɓule kaman jiƙaƙƙiyar takarda, ciki fari tas. Na daɗe a tsugune ina juya shi, ba zan ɓoye muku ba.

Yanzu ga sakamako, na auna a sikelin kicin. Fangali, gindi 8, kilo 5 da ɗan ɗoriya. Buhu na farko kilo 1.6, na biyu 1.4. Bokitin takin ganye giram 700. Shi kuwa gwarzon namu mai kashin kaji, wanda kowa ke yabo, da na kife shi a kan tabarmar leda sai ga saiwa cunkus ta ɗaure ƙasar gam, na yi ta farfasawa ina nema, dankali 9 na samu, babbansu bai kai ƙwan kaza ba, sauran kaman ƙwallon yara, duka giram 350. Na zauna na yi dariya ni kaɗai. Sinadarin naitirojin da ya yi yawa a kashin kaji ganye yake ginawa, ya sa shukar ta yi ta girma tana jinkirta zuba 'ya'ya, abin da dankali ya fi buƙata lokacin da yake cika shi ne wani sinadarin taki da ake kira fotash. Ga kuma zafin bokiti a kai, abu biyu suka haɗu masa.

A fangalin ma ban tsira ba. Gindi biyu na ƙarshen layi, inda na taɓa zubar da toka, 'ya'yansu duk sun yi ƙuraje a fata, kaushi kaushi kaman ƙazuwa. Toka na rage tsamin ƙasa, dankali kuwa ya fi son ƙasa mai ɗan tsami, kuma cutar ƙurajen nan ta fi kama shi a ƙasa marar tsami da ta bushe lokacin da 'ya'yan ke ƙanana. In an fere ana ci, muni ne kawai. Na kuma sare guda huɗu da fartanya don na fara tono kusa da gindi, ku fara daga nesa ku shigo ciki. Guda biyar da suka leƙo waje suka yi kore na ware na zubar, koren nan alama ce ta gubar solanin kuma dafuwa ba ta kashe ta. Haka in fure ya bar muku wasu 'yan ƙwallaye kore masu kama da ɗanyen tumatir, ku tsinke kafin yara su gani, guba ne su ma.

Irin wannan dankalin ba na ajiya ba ne tunda fatar ba ta yi ƙwari ba, kwana kaɗan zai fara yaushi, shi ya sa na fangali ban tone duka rana ɗaya ba, gindi biyu biyu nake cirewa tun mako na goma. Wanda ke so ya ɗan ajiye, sai ya yanke karan ya bar 'ya'yan cikin ƙasa mako biyu fatar ta kama.

Zagaye na gaba buhu huɗu zan yi, bokitan kuma zan shafa musu farin fenti in sa iri ɗaya ɗaya in ga bambanci, kashin kaji kuma sai ya ruɓe cikin taki tukuna. Fangalin ba zan maida masa dankali ba sai bayan shekara uku, tumatir da barkono da gauta ma ba za su shiga ba don dangi ɗaya ne da dankali, cutarsu ɗaya. Ƙasar bokitan na tankaɗe ta da yamman nan zan zuba latas, har na ƙara tsintar wasu 'yan mitsi-mitsi guda uku da suka ɓuya min da safe. Wanda ya taɓa gwada Charlotte a buhu ya faɗa min iri nawa ya sa, ina tunanin biyu ko uku.